Wa ya tuna da manej ɗin bayan tsohuwar tasha, da zomon nan mai jan wando?

Ɗan Garwa 82: Salamu alaikum jama'a. Jiya ina gyara akwatin Inna Allah ya jiƙanta sai na ci karo da wani hoto, ni ne ina kan dokin katako na manej ɗin, wato wurin wasan yara mai dawakai masu juyawa, da ake kafawa bayan tsohuwar tasha a nan Garwa lokacin sallah, a baya an rubuta 1991 da biro. Hoton ya ci ruwa ta gefe amma ana ganin dokin sarai, fari ne mai jan linzami, kuma a bayana ga zomon nan mai jan wando da yake zagaya fili yana raba wa yara bonbon. Wallahi na fi minti goma ina riƙe da hoton ban motsa ba. Ƴaƴana na nuna musu suka ce Baba ina ne nan, na ce a garin nan ne, ba su yarda ba, don wurin yanzu shaguna ne da wajen wankin moto. Dan Allah duk wanda ya tuna wurin nan ya zo mu haɗa abin da muka sani, me da me ke ciki, nawa ake biya, kuma ina kayan suka tafi.

Goggon Yara: Wa alaikumussalam. Allah ya jiƙan Inna ya sa ta huta. Kai ɗana ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, ni na kai ƙannena wurin nan ya fi a ƙirga. Amma gyara ɗaya, ba zomo ba ne, ɓera ne. Kunnuwansa zagayayyu ne kamar faifai.

Ɗan Garwa 82: Goggo da girmanki amma zomo ne, ga hoton nan na saka, duba kunnen dogo ne har ɗaya ya lanƙwashe.

Goggon Yara: Na gani. To wannan dai dogo ne ban musa ba. Amma ni wanda na sani da idona kunnensa zagaye ne, yara suna binsa suna Miki Miki. Ko dai biyu ne?

Makaniken Yelwa: Ɗaya ne Goggo, ban taɓa ganin su biyu a filin ba. Ni dai bari in faɗi abin da na sani tunda na yi yaron shago a wurin mai gyaran injin ɗin. Abu huɗu ne a wurin. Na farko manej na dawakai, dawaki takwas da ƙaramar mota guda biyu don ƙananan da ba za su iya riƙe wuyan doki ba. Na biyu kujerun sarƙa, waɗanda in ya ɗau gudu sai kujerun su buɗe waje kana ganin ƙasa tana gudu ƙarƙashinka. Na uku babban lilo mai kamar kwalekwale, mutum biyu su tsaya su tura da ƙafa, wannan ba inji, ƙarfinka ne kawai. Na huɗu shi ne taya, wadda take ɗaga ka sama ka hango rufin kasuwa. Da farko tayar nan da hannu ake juya ta, ƙarti biyu ne suke rataya a jikin ƙarfen suna saukowa da nauyinsu, daga baya aka sa mata injin tsohuwar Peugeot 404 da bel, ni nake zuba giris a boris ɗin kowace safiya kafin a buɗe. Ƙamshin giris da man gyaɗar masu makala har yau in na ji su tare sai in tuna sallah.

Auta: Taya mai kujera shida ko? Na tuna ina ƙirgawa.

Makaniken Yelwa: Takwas ƙanena. Biyu sun lalace aka cire su shi ya sa ka ga shida, kuma dole a cire biyu masu kallon juna in ba haka ba nauyi zai rinjaya gefe ɗaya tayar ta riƙa fizga.

Auta: A'a Yaya ni fa ban ga gurbin wasu kujeru ba, shida ne cif

Ƴar Marwa: Ku tsaya, wannan manej ɗin ba na Garwa kaɗai ba ne fa. Yana zuwa Marwa, bayan sallar layya da kamar sati biyu sai mu ga babbar mota ta sauke ƙarafa a wani fili kusa da mayo, wato kogi, mu muna unguwar Domayo a lokacin, da an ji ƙarar guduma yaran kartiye duk sun watse daga gida. Dala biyar ake hawa doki, dala goma taya. Kuma ina goyon bayan Goggo, wanda ya zo mana kunnensa zagaye ne, ina lekol aji huɗu, wajen 1993 kenan.

Ɗan Garwa 82: Dala biyar daidai ne Adda. Ga yaran yanzu da ba su iya lissafin dala ba, sefa 25 kenan. Barka da sallar da ka tara tun safe daga gidan Kawu zuwa gidan Baffa duk a nan take ƙarewa, sai ka koma gida da ƙafa ba ko na foler, wato zoɓo.

Na Metz: Slm ƴan uwa, sai yanzu na tashi daga aiki na ga wannan hirar kuma ta zo min daidai inda nake. Wannan gardamar zomo ko ɓera ku sani ba ku kuka fara ta ba, shi kansa Miki ɗin asalinsa daga zomo ya fito. Walt Disney a 1927 zomo yake zanawa mai suna Oswald, sai a 1928 ya gano cewa zomon ba nasa ba ne a takarda, na kamfanin Universal ne, aka karɓe masa har da yawancin masu zanensa. Shi ne ya zauna da abokin aikinsa Ub Iwerks suka fito da ɓera, in ka ajiye su gefe da gefe za ka ga kusan jiki ɗaya ne, an rage kunne an ƙara wutsiya. Sai 2006 kamfanin Disney ya dawo da zomon hannunsa, shekara kusan tamanin. Don haka yaron da ya kalli zomo mai wando ya kira shi Miki bai yi nisa da gaskiya ba.

Goggon Yara: Ikon Allah. Ashe har turawa ma ana ƙwace musu zomo.

Na Metz: Sosai Goggo, kuma abin da ya fi taɓa ni shi ne a nan kusa da inda nake akwai wurin wasa da irin wannan ya faru da shi. Arewa da garin Metz na Faransa kaɗan ne, an gina shi a filin tsohuwar masana'antar ƙarfe da ta mutu, aka buɗe a 1989 da suna Big Bang Schtroumpf, wato waɗannan ƙananan shuɗayen mutanen masu farar hula da muke kallo a tele, wani ɗan Beljiyam Peyo ya ƙirƙiro su a 1958. An yi wurin ne don mutanen yankin su samu aiki bayan rufe masana'antu. Mutane ba su zo yadda aka yi tsammani ba, kamfanin Walibi ya karɓa aka koma Walibi Schtroumpf a 1991, sai a 2003 aka daina biyan haƙƙin shuɗayen gaba ɗaya aka kwashe su, suna ya koma Walibi Lorraine, sannan 2007 ya zama Walygator da kada a matsayin maskot, wato dabbar da ke alamar wurin. Abokin aikina bature ɗan wajen shekara arba'in da biyar in yana ba ni labarin wurin har muryarsa take canjawa, ya ce ya kai ɗansa yana nuna masa nan gidan kaza yake nan kaza yake, yaron yana kallon kada kawai. Daidai abin da Ɗan Garwa ya faɗa ne na shaguna da wankin moto. Bambancin kawai su nasu jirgin katakon nan Anaconda na 1989 yana nan yana aiki har yanzu, na hau shi, yana girgiza ka kamar hanyar Mora.

Makaniken Yelwa: Na Metz dan Allah shi wannan jirgin katakon wane irin inji ne a jikinsa da yake wannan gudun? Kullum ina gani a waya ina tunani.

Na Metz: Yaya ba inji a jikin jirgin sam. Sarƙa ce take jan shi a hankali zuwa saman tudun farko, kana jin ƙaf ƙaf ƙaf, wannan ƙarar wani ƙarfe ne da ke hana shi komawa baya in sarƙa ta tsinke. Daga ya kai sama sai a sake shi, sauran tafiyar duk nauyinsa ne ke kai shi, shi ya sa tudun farko ya fi duk sauran tsawo. Kuma tayoyin ba sama kaɗai suke ba, akwai na gefe akwai na ƙarƙashin layin da suke riƙe shi kar ya tashi.

Makaniken Yelwa: Allahu akbar. Wato dabarar ƙartin nan namu masu rataya a taya ce, nauyi ne ke aiki. Na gode ƙanena, yau na ƙaru.

Malam Na Kusiri: Assalamu alaikum. Ina bin hirar tun ɗazu, ina so in faɗi wani abu ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Ni ban ga abin kewa a ɓeran turawa ba. Mu da muke da Gizo da Ƙoƙi, muke da kura da zomo da dila malamin daji a tatsuniya, me ya sa yaranmu za su bi wani abu suna kiran sunan da ba su san ma'anarsa ba? Mun taso da tashe a watan azumi, yara su yi shigar tsoho da gemun auduga su zagaya gida gida, wannan ba maskot ba ne? Kuma namu ne, da waƙarsa da darasinsa. Lilon da dawakin ban da matsala da su, motsa jiki ne da farin ciki, amma shi wannan mai kan kwali ni ko a lokacin mahaifinmu bai bari mu je kusa da shi ba.

Ƴar Marwa: Malam gaskiyarka ta wani ɓangare, amma ka tuna lokacin. Tele ta shigo Kamaru a 1985, mu a layinmu gida ɗaya ne ke da ita, da yamma yara talatin a tsakar gida a kan tabarma ana jiran desan anime, wato katun. Abin da muka gani a akwatin nan shi ne muka ga ya fito fili yana tafiya da ƙafa yana miƙa mana hannu, dole ya burge mu. Ba wanda ya zana mana Gizo a tele a lokacin. Da an zana da shi za mu bi. Kuma tashe bai hana manej ba, manej bai hana tashe ba, duka biyun mun yi su a shekara ɗaya.

Malam Na Kusiri: To ai maganata kenan Hajiya, me ya sa ba a zana ba, kuma me ya sa har yau ba a zana ba? Shekara talatin da wani abu.

Auta: Malam an fara ai. Lokacin CAN, gasar cin kofin Afirka, da aka yi a nan farkon 2022 maskot ɗin zaki ne, Mola, ba ɓeran kowa ba. Ni ina filin ƙwallo na Rumde Ajiya ranar da Najeriya ta ci Masar ɗaya ba ko ɗaya, 11 ga Janairu, garin nan cike da ƴan uwa daga Yola da Mubi da Kano, yara suna ta neman hoto da duk abin da ke da hoton zakin nan. Yarona har yau yana da rigar.

Malam Na Kusiri: Wannan na yarda, zaki namu ne. Amma wasa ya ƙare Mola ya tafi, ina yake yanzu? Ni abin da nake so wanda zai zauna.

Goggon Yara: Malam ni kuma bari in faɗa maka abin da ya sa nake kewarsa, ba don ɓera ba ne ko zomo. Mu mata a lokacin ba ko'ina ake barinmu ba. Hawan dawakin fada na sallah muna kallo ne daga nesa, maza ne a kan doki. A filin nan ne kaɗai yarinya za ta hau doki ko da na katako ne ba wanda zai ce mata sauka. Ni na riga na girma, ina da goyon ƙanwata, ban taɓa hawa ba ko sau ɗaya, ina tsaye ne a bakin igiya ina riƙe takalman yara. Amma ranar da na ɗora ƙanwata a farin dokin nan tana dariya tana ɗaga min hannu duk zagaye, wallahi kamar ni ce a kai. Ta rasu wajen haihuwa shekaru da yawa yanzu. In na tuna fuskarta a kan dokin nan nake ganinta.

Ƴar Marwa: Allah ya jiƙanta Goggo, ya sa aljanna ce makoma.

Malam Na Kusiri: Allah ya gafarta mata. Goggo ki yafe ni in maganata ta yi tsauri, ban kalli abin ta nan ba.

Goggon Yara: Ba komai Malam, ba ka faɗi ƙarya ba.

Direban Tuboro: Ni fa kar a manta da ɗaya gefen. Kujerun sarƙan nan sun taɓa jefar da ɗan maƙwabcinmu, ƙugiyar da ke riƙe sarƙar ce ta buɗe yana cikin gudu, ya karye a hannu aka kai shi wajen mai ɗori. Washegari aka ɗaure wurin da waya aka ci gaba kamar ba abin da ya faru. Ba bel na ɗaurewa, ba mai dubawa daga ko'ina, Allah ne kawai ya tsare mu. Ina son wurin nima amma in za a dawo da shi ba haka ba.

Makaniken Yelwa: Na tuna ranar. Ba waya aka sa ba, maigidana ya yi walda a daren ya rufe bakin ƙugiyoyin duka goma sha biyu, ina riƙe masa fitila. Amma gaskiyarka tun farko ya kamata a yi, ƙarfen ya riga ya cinye rabi saboda gogayya kuma kowa na gani. Ni yanzu ko lilon lekol aka kawo min gyara sai na duba inda ƙarfe ke cin ƙarfe kafin komai, daga ranar na koya.

Direban Tuboro: To Alhamdulillah da aka yi walda, ni abin da na ji kenan a lokacin ina yaro.

Ɗan Garwa 82: Yaya Makanike kai da ka san cikin abin, me ya kashe shi? Ni dai na san wata sallah muka je ba mu tarar da komai ba.

Makaniken Yelwa: Kuɗi ne. Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa ɗaya da yake sefa 50 ya koma 100, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka, boris, bel, fenti, kwan fitila masu kala. Ga albashin ma'aikata an riga an zabge a 1993, iyaye ba su da na manej. Mai wurin ya gwada ƙara kuɗi zuwa dala goma yara suka ragu, ya mayar dala biyar ba ya fitar da kuɗin mai. Ya daure kamar shekara biyu, taya ta fara tsayawa, sai kujerun sarƙa, a ƙarshe dawakai kaɗai ake kafawa ana turawa da hannu. Daga nan ni na bar shagon na koma gyaran moto.

Na Metz: Kuma kar ku ɗauka talauci ne kaɗai ke kashe irin wuraren nan. Kusa da Paris an yi wani Mirapolis, an buɗe 1987 da wani ƙaton mutum-mutumi Gargantua mai tsawon mita 35, a 1991 aka rufe, 1995 aka tarwatsa ƙaton da nakiya. Shekara biyar kacal ya yi yana aiki. Parc Astérix na 1989 shi ya tsira, sai Disney da ta buɗe nata a 1992. Namu na bayan tasha da injin 404 ya fi Mirapolis daɗewa in kun lissafa.

Ɗiyar Tela: Salamu alaikum. Wata ƙawata ce ta turo min hirar nan ta ce in zo in gani, na karanta tun daga sama ina hawaye. Goggo da Yaya Ɗan Garwa duk kun yi gaskiya. Babanmu ne ya ɗinka rigar nan, tela ne a Hausari, Allah ya jiƙansa. Mai manej ya kawo masa hoto a wata takardar cingam ya ce irin wannan yake so, Baba ya duba ya ce shi ba zai ɗinka ɓera ba, ɓera ɓarawo ne a gida, zai yi zomo don zomo ne mai wayo a tatsuniya. Ya yi kan da kwandon kaba ya lulluɓe da katifar soso da farin yadi, kunnuwan ya sa musu waya a ciki don su tsaya, idon kuma rariyar tankaɗe ce ya fenta baƙi don na ciki ya riƙa gani. Jan wandon ragowar yadin labule ne. Bayan kamar shekara biyu kunnuwan suka karye saboda yara suna ja, wayar ta fito har ta yaga wa wani yaro hannu kaɗan, aka dawo da shi gyara, Baba ya yanke su ya zagaye bakin don kar a samu abin kamawa. Daga nan yara suka koma kiransa Miki, Baba har ya rasu yana cewa zomona ne aka yi wa aski.

Goggon Yara: Allahu akbar! Ƴata Allah ya yi miki albarka. Ashe duk abu ɗaya muke gani.

Ɗan Garwa 82: Wallahi tsigar jikina ta tashi. Malam Na Kusiri ka ji fa, ashe zomon tatsuniya ne tun asali.

Malam Na Kusiri: Na ji, kuma Allah ya jiƙan wannan tela, ya fi ni hujja tun kafin in yi magana. Ƴata wa yake shiga ciki?

Ɗiyar Tela: Yayanmu ne babba Malam, yana lise, wato sakandare, a lokacin, da kuɗin yake sayen littattafai. Ku da kuka san zafin Garwa, shekarun nan ƙaramar sallah tana faɗowa a watan Maris da Afrilu ne, zafi ya haura 40, shi kuma yana cikin soso tun bayan la'asar har isha. In ya dawo gida Inna takan matse rigar cikinsa ruwa na zuba, ta jiƙa masa tsamiya ya sha. An hana shi magana in yana ciki don kar yara su gane murya, ni kaina sai da na kai shekara bakwai na sani, na ga kan zomon a rataye a ɗakinsa na fasa kuka na ɗauka an yanka shi. Ya taɓa faɗi sau ɗaya a fili saboda zafi, aka janye shi bayan mota aka cire kan ana masa fifita, da ya farfaɗo ya ce a mayar masa don akwai yara a layi da suka biya kuɗin hoto. Kuma bonbon ɗin da yake rabawa ba mai manej ke saya ba, daga cikin kuɗinsa ne, yakan nemi yaran da ke tsaye bayan igiya waɗanda ba su da dala biyar su yake ba.

Auta: Ni ne ɗaya daga cikinsu wallahi. Sau biyu ya ba ni, mai ɗanɗanon na'ana'a. Adda yana raye?

Ɗiyar Tela: Yana nan lafiya, yana Ngaundere yana aikin jinya, da jikoki. Ba ya shiga irin wuraren nan amma zan kira shi da daddare in karanta masa duka.

Auta: Dan Allah ki ce masa wani yaro mai yagaggen silifas da ke tsayawa kusa da mai rake yana gaishe shi, ya gode.

Ƴar Marwa: To kan zomon fa, yana nan?

Ɗiyar Tela: Kan dai gara ta cinye kwandon tun tuni, Inna ta zubar. Amma jan wandon ina jin yana cikin adakar Baba a gidan Yaya, don Baba bai yarda an mayar wa mai manej ba da aka daina, ya ce ba a gama biyansa kuɗin gyara ba. Zan tambaya.

Direban Tuboro: Tunda ana tono, ni na ga doki irin wannan na katako a wajen wani mai walda a hanyar Pitowa, yana jingine a bango an ɗora masa tsumma, ya fi shekara uku ina wucewa ina ganinsa. Fentin ya goge amma akwai ramin ƙarfe a bayansa daga sama har ƙasa. Ban taɓa kawo komai a raina ba sai yanzu.

Makaniken Yelwa: In namu ne zan gane shi. A ƙarƙashin cikin kowane doki akwai lamba da maigidana ya ƙona da ƙarfe mai zafi, 1 zuwa 8, don a san gurbin kowa in an zo haɗawa. Farin mai jan linzami na hoton nan lamba 3 ne, ƙafarsa ta hagu ta baya an taɓa ɗaure ta da ƙusa biyu.

Malam Na Kusiri: In an same shi a saya, zan sa jaka biyu. Kuma ina da shawara, in Allah ya sa wandon yana nan, a samu tela ya sake ɗinka zomon yadda marigayi ya yi shi da dogayen kunnuwa, a fito da shi ranar sallah ko a tsakar makaranta ɗaya ce. Amma a yi shi da yadi marar nauyi a bar wa na ciki iska, kuma kar ya wuce rabin awa bai huta ba.

Na Metz: Ni ma ina ciki, zan turo nawa ta hannun ƙanena. Ɗan Garwa ka ɗauki hoton nan da kyau a haske ka ajiye, kar ruwan ya ƙarasa cinye shi, kuma duk mai wani hoton ya duba akwatin gida.

Auta: Har yanzu dai ni shida na ƙirga a tayar nan Yaya Makanike

Makaniken Yelwa: Wanda ya samo hoton taya ya raba mu ƙanena. Direba yaushe za ka bi hanyar Pitowa?

Direban Tuboro: Asabar in Allah ya kai mu, bayan azahar. Ka jira ni a bakin gada in ɗauke ka, ka zo da tocila don mu leƙa cikin dokin.

Ɗan Garwa 82: Ku biya ta gida ku ɗauke ni nima, zan zo da hoton da babban ɗana.